Dattijo Azariya Yafet da Ƙwayar Ranar Lahadi

Haihuwa da Karatu

An haifi Azariya Yafet a shekarar 1948 a wani ƙauye kusa da Zonkwa. Mahaifinsa Yafet manomin citta ne, mahaifiyarsa Miriyam kuwa tana cikin matan farko da aka yi wa baftisma a ƙauyen. Ya yi firamare a makarantar mishan, sannan ya kammala kwalejin horar da malamai a 1970.

Aiki da Iyali

Ya koyar a Kafanchan har zuwa ritayarsa a 2005. A 1974 ya auri Hulda, Ubangiji ya albarkace su da 'ya'ya biyar. Sai dai ba da alli aka fi saninsa ba. Tun 1981 shi ne tafintan ikilisiyarsu: fasto ya yi wa'azi da Hausa, shi kuma yana tsaye a gefensa yana juyawa zuwa yaren Jju saboda tsofaffi. Abin alfaharinsa, wanda ya ishi kowa da shi, shi ne bai taɓa barin bagade, inda yake tsayawa da fasto, ana tsakiyar sujada ba.

Rashin Lafiya

A 2016 ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya, likita ya tabbatar da cewa zuciyarsa ta yi rauni. Aka hana shi gishiri, aka ɗora shi a kan magunguna, ciki har da ƙwayar da ke fitar da ruwan jiki ta hanyar yawan fitsari. Ya bi doka sau da ƙafa: ya daina cin naman alade, ya saba da miyar lami, yana barci a jingine. Ranar Lahadi kaɗai ba ya shan ƙwayar, domin a ganinsa abin kunya ne dattijo ya bar fasto da magana a baki ya nufi bayan gida.

Hulda ta yi roƙo, ta yi faɗa. Amsarsa ɗaya ce: “Mama, rana ɗaya ba zai kashe mutum ba.”

Shekarun Ƙarshe

Da a ce Lahadi ce kawai, da wataƙila ya yi gaskiya. Amma shekarun da suka biyo baya na hare-hare ne a ƙauyukan yankin, jana'iza ta bi jana'iza, kowacce kuma tana neman tafinta. Rana ɗaya ta zama uku a mako, wani lokaci huɗu. A cikin waɗanda ya tsaya a bakin kabarinsu har da ɗansa na fari, Meshak, a 2020. Bayan wannan Hulda ta daina faɗan, abin da ta ce ita ma ba ta san dalilinsa ba. Jiki magayi: takalmi ya daina shigarsa, ya koma zuwa majami'a da silifas, jama'a na yaba ƙwazonsa. Abin takaici ne cewa ba wanda ya ce masa ya zauna.

Rasuwa

Ya rasu a asibiti a Kafanchan a watan Agusta na 2023, yana da shekara saba'in da biyar, ruwa ya cika masa huhu. An binne shi a ƙauyen mahaifinsa. Ya bar matarsa Hulda da 'ya'ya huɗu: Joanna, Hellen, Keziya, da autansu Justin, wanda ke fama da hawan jini, wanda kuma ikilisiya ta naɗa tafinta a madadin mahaifinsa tun kafin a kwashe rumfunan makoki.