Usur a Ƙofar Zaure

A garinmu, can gefen Lakwaya, babban ruwan da muka sani shi ne kududdufin bayan gari, shi ma kafin a gama sussukar dawa ya ƙafe ya bar taɓo. Don haka ranar da ƙanena, wanda kowa ke kira Auta, ya dawo daga Kano ya ce an ɗauke shi sojan ruwa, 'yan majalisar gindin ɗorawa sun yi dariya har da riƙe ciki.

"Kai da ko rijiya ba ka iya leƙawa?" in ji wani.

Maƙwabcinmu, tsohon sojan ƙasa ne mai ɗingishi, ya ce, "In sojan ruwa suke nema, ai ga kwaɗi nan a kududdufi, sun riga shi kama aiki."

Daga ranar sunan ya bi shi: sojan kwaɗi.

Mahaifinmu ya rasu Auta yana ƙarami, ni na zama babban gida tun ban isa ba. Karatuna na allo ne da ɗan firamare da ban ƙarasa ba, amma ina jin kaina, don duk abin da na faɗa a gidan nan shi ake yi. Inna ita kaɗai ce ba ta yi dariyar aikin Auta ba. Tsoron ruwa take, ta ce ba a san abin da ke ƙarƙashinsa ba. Duk Babbar Sallah sai ta ware kasonsa na naman layya, ta soya shi ya soyu ƙayau, ta zuba a kwano ta rufe da mai, ta ƙulle da tsumma. Akwai direban motar shanu a Gwarzo da ke zuwa kudu, shi take ba. Wani lokaci saƙon ya tarar da shi, wani lokaci a ce jirginsu yana teku. Ba ta taɓa fasawa ba.

Sai da aka yi Sallah da dama kafin ya samu hutu ya zo ya yi ta a gida. Ya je Idi da kayan aikinsa, farare fat daga hula har takalmi. Mata suka ce kamar malamin asibiti. Tsohon sojan nan ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Mu mun sha harsashi, kai kana shan iska. Dubi kayan nan, ko ƙura ba su sani ba." Auta dariya kawai ya yi.

Bayan an sauko an yanka raguna, zaurenmu ya cika da masu gaisuwa. Inna ta leƙa maƙwabta barka da Sallah, tana dawowa ke nan. Tana sa ƙafa a bakin zaure sai Auta ya miƙe zumbur, ya tsaya ƙiƙam a gefen ƙofa. Ya ciro wani ɗan bututu mai ƙyalli da ke rataye da sarƙa a wuyansa, ya kafa a baki ya busa. Ƙarar siririya ce, ta tashi sama ta daɗe, sannan ta sauko a hankali.

Kowa a zauren ya zuba masa ido.

A wurinmu ba a fito a cikin gida. Tun muna yara, wanda ya yi fito sai an doke bakinsa, a ce yana kiran shaiɗan. Maharbi ne ke yi wa karensa fito. Ga wannan kuma an yi wa uwa, a gaban jama'a, ranar Sallah.

Kawunmu ya ce, "A'uzu billahi! Uwar taka kake yi wa fito?"

Ban san lokacin da na tashi ba. Na fizge abin har sarƙar ta tsinke, na shige tsakar gida na wurga shi rijiya.

Auta ya biyo ni. "Yaya, tsaya in gaya maka..."

"Rufe min baki! Abin da kuka koyo ke nan a bariki?"

Inna ta ce, "Kai, da ka bari ya faɗi abin da yake nufi."

Na ce, "Inna, shiga ciki kawai, ni zan yi maganinsa."

Ta shiga. Shi kuma ya tsaya a bakin rijiya yana kallona. Mutanen zaure suka yaba min, aka ce gida ya yi babba.

Bayan wannan bai sake zuwa da fararen kaya ba. In ya zo Sallah babbar riga yake sakawa kamar kowa. In an ce masa, "Auta, yaya ruwa?" sai ya ce, "Ruwa yana nan." Mu ma ba mu taɓa neman ƙarin bayani ba. Inna ta rasu yana teku, bai iso ba sai da aka share makoki. Da ya yi ritaya ya dawo ya kama noma a gonar gado, muna gida ɗaya, muna cin tuwo a kwano ɗaya. Daga baya hawan jini ya kayar da shi a gona, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, magana ta ɗauke. Kullum da hantsi mu fito da shi zaure, mu jingina shi da bango.

Bara, ranar jajiberin Babbar Sallah, wata motar haya ta tsaya a ƙofar gida. Wani dogon tsoho baƙi ya fito da 'yar jaka a kafaɗa. Daga gani ba ɗan ƙasar nan ba ne, amma da ya buɗe baki sai ga gaisuwa irin tamu, bai tsallake ko ɗaya ba: gajiya, iyali, gona, ruwa, har da "yaya muka ji da jama'a". Ya ce shi Kirista ne daga ƙauyukan bakin ruwa na wajen Fatakwal, tare suka yi aiki da Auta a jirgi ɗaya. Ya sha yawo kafin ya same mu, har Garo aka kai shi ta Kabo, sai a kasuwar Gwarzo wani ya gane wanda yake nema.

Yana shiga zaure ya durƙusa gaban Auta ya ce, "Malam! Kai ne ka kwanta haka? Tashi, lokacin gadinka ya yi!"

Rabin fuskar Auta ta yi dariya, hawaye na zuba ta ɗaya gefen.

Matar Auta ta kawo fura. Bayan la'asar muka zauna, baƙon yana ta zuba, tsohon sojan maƙwabcinmu ma ya ɗingiso ya zauna. A zaman nan na ji abin da ban ji ba tsawon aikin ƙanena. Ya ce in Kirsimeti ta same su a teku, Auta ke karɓar masa gadi, in Sallah ce shi ke karɓar wa Auta. Ya ce Auta zai shimfiɗa darduma ya duba gabas, kafin ya gama alwala jirgi ya juya, sai ya ƙwala masa kira, "Malam, gabas ɗinka ta koma nan!" Ya ce akwai lokacin da igiyar ruwa ta yi ta jifa da su, manyan ƙarti suna amai suna kiran iyayensu, Auta yana tsaye a wurin aikinsa ya ɗaure kansa da igiya.

Tsohon soja ya ce, "Wannan ɗin? Sojan kwaɗi?"

"Baba, in ka ga wancan kududdufin, da ƙafa ɗaya za ka gudo gida."

"Ai da ma ɗayar ce ta rage min."

Muka yi dariya. Baƙon ya ce, "Ni fa naman Inna ne ya kawo ni. In kwanon nan ya iso, duk jirgi sai an san an yi Sallah a Gwarzo. Na yi wa Malam alkawari wata rana zan zo in ci shi da zafinsa."

Sai ya zuge jakarsa ya ciro ɗan bututu mai sarƙa. Ina ganinsa na gane shi.

"Malam, ina naka?"

Auta ya juya ido wajen tsakar gida, inda rijiya take. Matarsa, tana tsaye a bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Baƙo, wannan abin, na mene ne?"

Ya ce usur ne na jirgi, kuma ba kowa ake busa wa ba. In babban shugaba zai taka ƙafarsa cikin jirgi, sai mai busa ya tsaya a bakin matakala ya busa, kowa ya ƙame. Haka in za a fitar da gawar abokin aiki. Girmamawar da ta fi kowace ke nan a wurinsu, kuma Auta ne gwaninta a jirginsu.

"Ya busa wa manya ba iyaka," in ji shi. "Amma ya taɓa gaya min akwai mutum ɗaya da ta fi su duka, in ya je gida ita zai busa wa. Da ya dawo na tambaye shi, bai ba ni amsa ba. Usur ɗin ma ya ce ya ɓata. Yaya, ya busa mata kuwa?"

Tsohon soja yana wurin ranar da abin ya faru. Ya kama tonon ƙasa da sandarsa.

Na ce, "Ya busa."

Na kawar da kai gefe.

Baƙon bai lura ba, ko kuma ya lura ya yi min kara. Ya ce yana da roƙo guda. Muƙamin Auta bai kai a busa masa ba, har ya bar aiki ba a taɓa yi ba. Gobe in za a fito da shi zuwa Idi, yana so ya tsaya a ƙofar zaure ya busa masa. "Amma gidanka ne, Yaya. Malam ya ce min a nan ba a motsa tsinke sai da izininka."

Na san garinmu. Safiyar Sallah, jama'a na wucewa da kabbara, a ji fito a ƙofar gidana, kuma wanda ba Musulmi ba ne ke yi. Ni da ake kira in yi wa yaran wasu faɗa. Na dubi Auta, shi ma ni yake kallo, irin kallon da ya yi min a bakin rijiya.

Na ce, "Allah Ya kai mu goben."

Da safe matarsa ta yi masa wanka, ta sa masa farar shadda. Sai ga ta da hular aikinsa, ta ɗan yi ja don daɗewa a akwati, ta ɗora masa. 'Ya'yansa biyu suka ɗauko shi a kujera, mai a-daidaita-sahu yana jira a waje. Hanya cike take da masu tafiya Idi, da suka ga baƙo ya ƙame a ƙofa da abu a hannu sai suka dakata.

Wani dattijo sa'ana ya matso kusa da ni. "Alhaji, me zan gani? Fito kuma, yau Sallah?"

Na ɗaga murya yadda na baya za su ji. "Ni na ce a busa. Haka sojan ruwa ke karɓar babban mutum. Wanda bai sani ba yau ya sani."

Kujera na isowa bakin ƙofa baƙon ya busa. Ƙarar nan ce dai, ta tashi ta daɗe ta sauko. Hannun Auta mai lafiya ya ɗago a hankali har ya kai goshi. Tsohon soja ya yar da sandarsa ya tsaya a kan ƙafarsa mai kyau, shi ma ya sara.

"To, sojan kwaɗi," in ji shi, "yau kam ka fi mu."

Yaran za su wuce da kujera, Auta ya riƙe gefen ƙofa. Yana nuna dokin ƙofar da haɓa, daidai inda ake sa ƙafa in za a shigo, yana ƙoƙarin magana ta ƙi fita. Baƙon ya dube ni, bai gane ba. 'Ya'yan ma ba su gane ba, don ba a haife su ba a lokacin.

Na ce, "Ku ja kujerar gefe, ku ba da hanya. Baƙo, sake busawa. Wannan ta Inna ce."

Ya busa. Babu kowa a ƙofar, duk muka tsaya har ƙarar ta mutu. Sannan Auta ya saki ƙofar, ya kama hannun rigata, bai sake ni ba har muka isa filin Idi. A sahun ƙarshe muka samu wuri.

Baƙon ya ci naman da zafinsa kamar yadda ya yi alkawari. Da zai koma, matar Auta ta cika masa kwano da soye, ta rufe da mai, ni na ƙulle da tsumma na kai masa mota.