Alƙalamin da Ya Daina Sha

A gafara, a ba da hanya, ga Sarkin Alƙaluman Ɗanbatta da kewaye! Sarautar dai Sama'ilu ne ya naɗa shi a zuci, yana zaman jiran a liƙe masa taya, don ko sunan mutumin bai sani ba.

Dattijo ne siriri, tsugune a rumfar mai gyaran keke, tabarau ɗaure da zare, ƙasar gona a dunduniyarsa. Tsofaffin alƙaluman tawada sun yi sahu a aljihunsa, kowanne da yadda yake sha: wani sai an murɗa masa gindi, wani sai an matsa masa ciki. Na hannunsa kuwa baki biyu gare shi, nan alƙalami, can fensir, ga ɗan ƙarfe a haƙarƙari da ake ɗagawa da farce. Robar cikinsa ta mutu, ya daina sha. Shi ne dattijon yake lallaɓa masa siririyar robar bawul ɗin keke, yana cije leɓe. Wataƙila tsohon malamin firamare ne da ritaya ta mayar gona.

Ya tsoma bakin alƙalamin a murfin kwalba mai ruwan bula, ya ɗaga ƙarfen, ya saki. Shiru. Ya yi bisimilla ya sake. Ruwan ya ɗan ja baya, gemun dattijon ya motsa da murmushi.

Sama'ilu ya kasa haƙuri. "Baba, barka, jinjiri ya kama nono! To wa za a fara rubuta wa, Gwamna?"

Dattijon ko ɗagowa bai yi ba. "Sha na ce ya yi, ya kuma sha. Matsa, ka tare min haske."