Ganyen Tsoho da Madarar Gwangwani

Tun kafin jikokina su riga ni faɗa, gara in faɗa da bakina: a labarin nan ni ne wawan. Ba ƙaramin wawa ba kuwa, cikakke, mai babbar riga da hula, wanda ya biya kuɗin jirgi ya haye teku don ya je ya yi wautarsa a gaban baƙin ido. Karatuna aji huɗu ne na firamare, shi ma rabinsa a bakin taga na yi shi, saboda haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya haɗa da wancan ya yafe gaba ɗaya.

A ƙarshen shekarun casa'in ne na je Guangzhou sarin takalma. Lokacin ba kamar yanzu ba ne da za ka ji ana ciniki da Hausa a kowane bene. Sai ka wuni kana yawo ba ka ga baƙar fata ko ɗaya ba, in ban da taka a madubin shago. Masu ɗinka mini takalman suka ce sati biyu. Sati biyun suka haifi wasu biyun, su ma suka ɗauki ciki. Duk ranar da na je, sai mai wurin ya washe baki ya ce "meyo", wato babu. Ita ce kalmar da na fara koya, sai "nihaw" ta gaisuwa, da "sheshe" ta godiya, da "lawban", wato maigida. Da waɗannan huɗun na yi zaman garin.

Ɗakina a unguwar Sanyuanli yake, hawa na biyar, tagarsa na kallon bangon wani gidan. Abincina burodi da dafaffen ƙwai da kifin gwangwani, saboda tsoron abin da ke cikin tukunyar mutane. Ban san ɗan Adam yana kewar surutu ba sai a can. Ni da a kasuwar Kwari maƙwabta ke roƙona in yi shiru su ji kiran salla, sai ga ni ina yi wa fanka bayanin farashin fata. In na buga waya gida, kafin maiɗakina ta gama tambayar yaushe zan dawo layi ya yanke. Ranar Juma'a kaɗai nake jin Hausa, a masallaci, wurin wani Alhaji mutumin Maradi da ya daɗe a garin har ya iya yarensu. Shi kuma kullum a gaggauce yake. Mu gaisa, ya tsokane ni, ya tare tasi. Sauran kwana shidan ni da fanka.

Wata ranar bayan la'asar ruwa ya kama ni a wani lungu bayan layinmu. Na raɓa a ƙarƙashin rumfar wani shago wanda faɗinsa bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Wani tsoho siriri, da singileti da tabarau, ya yafito ni da hannu, ya turo mini wata 'yar kujera da ƙafa. Na zauna. A gabansa akwai faifan katako mai ramuka, da wata butar ƙasa da ba ta fi gwaba ba, da kofuna kamar rabin ɓawon ƙwai. Na ce a raina, to, tsohon nan kayan wasan jikarsa yake gadi.

Ashe shayi yake sayarwa. Ya ɗebo wani ganye baƙi, dogaye, murɗaɗɗu, ya cika butar, ya zuba tafasasshen ruwa. Ina miƙa hannu sai na ga ya tsiyaye ruwan kaf a kan kofunan, ruwan ya bi ramukan faifai ya tafi.

Na ce, "Subhanallahi! Lawban, wannan ai almubazzaranci ne!"

Ya dube ni ta saman tabarau, ya sake zuba ruwa, ya cika mini ɗan kofin. Ba sukari, ba madara, launinsa kamar ruwan da aka wanke rawani. Na kurɓe shi gaba ɗaya kamar magani, na miƙa kofi. Tsohon ya girgiza kai. Ya ɗauki nasa, ya shinshina, ya zuƙa kaɗan da ƙara, ya juya shi a baki, ya haɗiye, ya lumshe ido, ya yi shiru kamar mai jiran saƙo. Can ya shafi maƙogwaronsa ya ce, "Hmm."

To ni ɗan kasuwa ne, na iya kwaikwayo. A kofi na biyu na shinshina, na zuƙa, na lumshe ido, na ƙirga goma a zuci, na shafi maƙogwaro na ce, "Hmm." Fuskar tsohon ta washe. Ga inda wautar ta samo asali, don Allah ya sani ban ji komai ba sai ruwan zafi mai ɗan bauri.

Washegari na koma, ba ruwan sama ba komai. Jibi ma haka. Kafin sati ya zagayo, ina shawo kwanar lungun zan hango kujerar an fito da ita, an ɗauraye kofina an kife. Wanda bai taɓa zama a garin da ba mai jiransa ba, ba zai gane abin da kifaffen kofin nan yake yi wa zuciya ba. Ya koya mini in ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu in an zuba mini, godiyarsu ke nan. Yana magana da yarensa, ina ba shi amsa da Hausa. Na ba shi labarin 'yata da ta fara tafiya ba na nan, shi ma ya ba ni nasa, ko na mene ne oho. In na yi dariya ya yi, in ya yi tsaki na taya shi.

Gwangwanaye uku gare shi. Babba a ƙasa, na masu wucewa. Matsakaici a kan kanta, wanda yake zuba mini. Sai wani ɗan ƙarami can sama, kusa da hoton wata tsohuwa tsaye a gindin bishiya, a kan tudu mai hazo. Ni kafin nan na ɗauka ganyen shayi a cikin 'yar jaka mai igiya yake tsirowa. Da hannu da hoto ya fahimtar da ni cewa duk ganyen shagon daga gonar gidansu yake, 'yar gona ce a kan dutse, da hannu ake tsinka, a kan gawayi ake gasawa. In na nuna ƙaramin gwangwanin sai ya ce, "Meyo."

A sati na huɗu ya sauko da shi da kansa. Ya rufe rediyo. Ya dafa, ya zuba, ya zuba mini ido. Na yi aikina yadda na saba, har na ƙara da ɗaga gira. Gaskiya ranar na ji wani abu, wani ƙamshi kamar na furen mangwaro ya taso mini daga maƙogwaro bayan na haɗiye, amma na ɗauka turaren rigata ne. Na nuna ina so in saya. Ya daɗe yana kallona, sannan ya auna kaɗan a ma'aunin sanda, ya ƙunshe a takarda, ya buga kuɗin a kalkuleta. Jinin Kano ya motsa, na raba biyu na tura masa. Sai kawai ya fara kwance ƙunshin. Na yi maza na biya yadda ya faɗa.

Da na koma ɗaki sai kunya ta kama ni. Wata guda ina shan na mutum, ban taɓa kai masa ko goro ba. A gidanmu ba a yi mana wannan tarbiyyar ba. Kuma, in faɗi gaskiya, tausayinsa nake ji. Tsoho ya tsufa a cikin ganye, amma bai taɓa shan shayi na gaske ba. Na ce wallahi sai na fitar da bawan Allah nan daga duhu.

Ina da 'yar tukunya da hita, da ƙullin citta da kanumfari da maiɗakina ta cusa mini a jaka. Na zuba rabin ganyen, na ga ruwan bai yi baƙi ba, na juye sauran. Na bar shi ya tafasa har ya yi kauri. Na sa citta, na sa kanumfari, na zuba sukari da hannun mai kyauta, na huda gwangwanin madara biyu. Na riƙa ɗaga shi daga kofi zuwa kofi, sama da ƙasa, yadda mai shayin bakin tasharmu yake yi, har ya yi kumfa. Na ɗanɗana na ce, yauwa, yanzu ganyen nan ya san ya zo duniya. Na cika fulas, na sayi burodi mai laushi, na sa babbar rigata ta Juma'a alhali ranar Litinin ce.

Tsohon ya yi murna da ganin fulas. Na ce, "Lawban, yau kai ne baƙo." Na ture ƙananan kofunan, na cika masa murfin fulas. Ya shinshina. Ya sake shinshinawa. Sai ya ɗauki ɗan hantsakinsa na gora ya tsamo wani ganye da ya tsere wa rariya, ya shimfiɗa shi a kan faifai, ya buɗe shi a hankali da farce. Ya ɗago ya nuna girman ƙunshin jiya da hannu, alamar ina sauran.

Na bugi ƙirji na ce, "Meyo!"

Ya shanye abin da na zuba masa tas, bai rage ba. Ya ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu. Sannan ya tashi ya shiga goge kantar da ba ƙura a kanta.

Talata na zo, ya zuba mini daga babban gwangwani, ya buɗe jarida. Laraba na tarar da kwali a kan kujerar. Na tsaya na ce nihaw, ya ce nihaw, na gyara hula, na wuce kamar dama wani wurin za ni. Ba inda za ni. Na zagaya har titin Liuhua Lu da ƙafa ina kallon kayan da ba zan saya ba. Alhamis ban fita ba. La'asar ta yi, na sallame, na zauna a kan darduma ina kallon bangon maƙwabta, ko fankar ban yi wa magana ba.

Ranar Juma'a na riƙe hannun rigar mutumin Maradi tun kafin ya sa takalmi. Na kwashe labari na faɗa masa. Ya yi dariya har ya dafa bango.

"Bakano, mi ka aikata haka? Madara hwa ka ce?"

"Gwangwani biyu, Alhaji. Ban yi masa rowa ba."

"Shi ya sa. Kai ko a Yamai na ga Nasara da ruwan inabinsu na 'yan ƙananan gonaki, su shinshina, su juya, su yi ta salo kamar ka ce aljani za su kira. To waɗannan haka suke da ganye, sai dai nasu halal ne. Kai kuma ka tahi ka yi mashi kunu."

"Ka gama zagin a hanya. Mu je ka ba shi haƙuri, ni bakina kalma huɗu ne."

"Ina da kaya a tasha."

"Kayan ba za su gudu ba. Ni in ka bar ni haka, mako mai zuwa a gidan mahaukata za ka same ni."

Ya dube ni, ya ga ba wasa a idona duk da ina murmushi, ya tare mana tasi.

Tsohon ya sauke kwalin, ya jawo wata kujerar. Suka yi ta yare, ni ina tsakiya ina bin bakinsu da ido. Can mutumin Maradi ya juyo, dariyar ta bar fuskarsa.

"Ya ce matar hoton yayarshi ce. Bishiyar guda ɗaya ce, ubansu ya shuka ta. Ita ka gasa ganyen, kuma bana hannunta ya fara rawa, ba ta ƙara yi. Abin da ya ba ka rabin abin da ya rage ne. Ya ce masu kuɗi sun nema ya hana, ya ba ka don ya ga kana lumshe ido."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce, "Gaya masa ban sani ba. Gaya masa a garinmu ba a sa wa mutum madara biyu sai wanda ake girmamawa."

Ya faɗa masa. Tsohon ya gyaɗa kai, ya yi gajeriyar magana, ya ɗauko kofina ya ɗauraye.

"Ya ce ya gane tun ranar, shi ya sa ya shanye. Ya ce ka riƙa zuwa, zama ba ya ƙarewa. Amma ƙaramin gwangwani kam kun yi bankwana."

To da na tsaya a nan da na fita da sauran mutuncina. Amma da na ga an yafe, sai bakin nan nawa da ya yi wata guda a ɗaure ya kwance. Na gyara zaman babbar riga na ce, "Alhaji, ƙara masa da cewa kada ya ɗauke ni baƙo a harkar nan. Ni shekara talatin ina shan shayi, safe da yamma, ban taɓa fashi ba."

Mutumin Maradi ya fassara. Tsohon bai ko ɗago ba, yana zuba ruwa a buta ya ba da amsa. Alhajin ya toshe baki da hannun riga.

Na ce, "Me ya ce?"

"Ya ce a'a. Sukari ka shekara talatin kana sha. Shayi kam sau ɗaya ya taɓa shiga bakinka, shi ma ba ka san ya shiga ba."