Wandon Philinda

Ranar Talata, tara ga Oktoba 1894, da hantsi, Allah ya karɓi ran Philinda Tuttle, matar yayana marigayi, a gidan gonarta da ke bakin tafkin Cayuga. Ni na shirya gawarta, domin ta daɗe da ɗora mini alkawarin cewa da kayanta na kullum za a binne ta.

Philinda, tun ranar nake ganinki ido biyu kamar a mafarki. Ga mu da ƙuruciyarmu a gonar tuffa, hazo bai gama tashi daga tafki ba. Kin dawo daga taron matan da ke neman 'yancin jefa ƙuri'a, kika ɗauki almakashi kika datse rigunanmu a gwiwa, kika ɗinka mana wanduna. Kika kwance mini ɗamarar nan mai tsinken ƙarfe da muke matse ƙugu da ita, kika ce, "Orpha, ja numfashi mana, ai ba na aro ba ne." Na ja. Wallahi ban san ƙirjina yana da wannan faɗin ba.

Ni shekara biyu kawai na iya da wandon. Ihun maza a ƙofar shago da hararar matan coci suka mai da ni cikin fatari shida, ina sharar taɓon titi. Ke kuwa shekara arba'in da biyu, ko gezau. Da wandon kika hau tsani tsinkar tuffa, da shi kika ratsa ƙanƙara zuwa karɓar haihuwa, da shi kika bi gida-gida neman sa hannun mata a takardar neman 'yancin ƙuri'a. Ba ki taɓa goranta mini ba, sai dai tsokana: "Sannu da shara, ranki ya daɗe."

Ranar shirya ki, ɗanki Alvah ya zo da doguwar baƙar riga da sabuwar ɗamara. Yana kuka ya ce, "Goggo, don Allah. Tun ina makaranta ake mini dariya a kanta. A bar ni in binne uwata kamar ta kowa."

Na rufe ƙofa. Ya ba ni tausayi, ke kuma na ji kunyarki. Na sa miki baƙar rigar. Masu zuwa gaisuwa suka yi ta cewa yau kam kin fito mace.

Alvah, ɗana, ga abin da na kasa faɗa maka baki da baki. A ƙarƙashin rigar nan akwai wandonta mai faci a gwiwa. Ɗamarar kuwa ban ɗaura mata ba, tana gidana, ka aiko a karɓa. In fushi za ka yi, da ni za ka yi.

Allah ya jiƙanki, Philinda, ya yalwata miki makwanci. Alvah da iyalinsa, da duk waɗanda aka haifa a hannunki, Allah ya ba mu haƙurin rashinki.