Jan Motar Bature

A tsakiyar shekarun saba'in gidan rediyon da nake wa aiki ya tura ni Kadawa in yi wata guda ina ɗauko muryoyin manoma don shirin noman rani. Ruwan madatsa bai daɗe da fara isa gonaki ba, mutane suna koyon shuka alkama a watannin da kakanninsu ba su taɓa riƙe fartanya ba. An ba ni rikoda mai nauyi da batura, ba a ba ni abin hawa ba. A ofishin aikin ruwan aka ce akwai wani tsohon Bature injiniya da zai zagaya ƙofofin magudanai yana auna ruwa, kuma yana neman tafinta. In na yi masa fassara, zai kai ni duk inda zan je.

A ofis muka haɗu. Turancinsa ba na haihuwa ba ne, nawa kuma na makaranta ne da ɗakin labarai. Ya ce yana da motoci biyu, babba da ƙarama, yana son mutum ɗaya da zai kula masa da ƙaramar. Kalmar da ya faɗa na san ta. Ita ce ta abin da ake yi wa motar da ta mutu a hanya, a ɗaure ta a bayan wata. Na sha fassara ta a labarai, kuma fassararta ɗaya ce, ja. Na rubuta a littafina cewa yana son wanda ya iya jan mota. Da na sake duba rubutun bayan la'asar, sai na karanta shi yadda kowane Bakano zai karanta. Wanda ya iya jan mota direba ne.

Ina da kawu a Kura, ƙanin mahaifiyata, direban a-kori-kura ta wani Alhaji. Albasa yake ɗauka tsakanin Kura da Bunkure da Kano. Ba shi da gona mai yawa, ba shi da karatu mai zurfi, abin da yake da shi suna ne. Tun da ya karɓi lasin ba a taɓa jawo motarsa da igiya ba. A tashar Kura wannan ba ƙaramin abu ba ne. Direban da aka jawo ya shigo gari a bayan wata mota, an ce ya kashe mota ke nan, kuma masu motoci suna jin irin wannan labari kafin kowa.

Na ce masa, “Kawu, Bature yana son wanda zai ja masa mota.”

“Wace iri?”

“Ƙarama, ta shiga.”

Kashegari ya mayar wa Alhaji mukullinsa. Ya sayi sabuwar hula, ya bi tasha yana sallama da mutane.

Da safe muka tarar da motocin a gindin wata tsamiya. Babbar ta kai motar fasinja tsawo, fara, da labule a tagogi da matakala a ƙofa. A ciki akwai gado, da teburi, da murhun gas, da ɗan makewayi wanda bai fi akwatin tufafi faɗi ba. Matar Baturen tana ciki tana dafa shayi. A cikinta suka ƙetaro hamada, a cikinta suke kwana. Ƙaramar kuma irin mai inji a baya ce, an haɗa hancinta da gindin babbar da wasu ƙarafa biyu masu kama da cinyar almakashi, da sarƙa, da wayar fitila.

Kawu ya zagaya ta sau biyu. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi.

“Me ya same ta?”

Na tambayi Baturen. Ya ce ba abin da ya same ta.

“To me ya sa aka ɗaure ta?”

Baturen ya yi bayani mai tsawo. Babbar gida ce, ba ta shiga kasuwa, ba ta bin siririyar hanya. In an sauka sai a kwance ƙaramar a yi zirga-zirga da ita, shi da kansa yake tuƙa ta. Aikin Kawu shi ne ɗaurewa da kwancewa, da duba ƙusoshi, da tabbatar da giya tana firi, wato ba a saka ta ba, kuma sitiyari a sake yake. Tun yana tsakiyar magana na gane abin da na yi. Na fassara komai daidai, ban rage ba, sai dai ban ce kuskuren nawa ne ba.

“Wato ni ba zan tuƙa ba?”

“Wani lokaci, Kawu.”

“To wa zai zauna a sitiyari in ana janta?”

“Ba kowa. Ita take bi da kanta.”

Ya dube ni yadda ake duban wanda rana ta taɓa.

Sai maganar wurin zama ta taso. Baturen ya nuna masa kujera a ciki, kusa da teburi. Kawu ya tsaya a matakala ya yi sallama, ya hango gadon, ya ja da baya. Ya ce shi ba ya shiga ɗakin matar aure, balle ya zauna a gefen gadonta. Na ce ai mota ce. Ya ce motar da ake girki a ciki, ake kwana, ake kewayawa, ɗaki ce, ko da taya goma gare ta. Ni kaina ban san matsayin abin ba. Na cire takalmi, na ga Baturen da nasa, na mayar, na ga matar ba takalmi, na sake cirewa. Daga ƙarshe na yanke wa kaina cewa kujerar gaba zaure ce, na zauna a can. Kawu ya ce shi a ƙaramar zai zauna. Baturen ya ƙi, ya ce ba a zama a motar da ake ja. Kawu ya ce shi kuma bai taɓa jin an ja mota ba kowa a ciki ba. Matar ce ta raba gardamar, ta ce hanyar bakin magudana ba gudu ake yi ba, a bar shi, amma kada ya taɓa komai.

Ba mu yi nisa ba Baturen ya fara duban allon gabansa. Ya ce injin yana nauyi. Ya tsaya, ya buɗe, ya duba mai, ya duba ruwa, bai ga komai ba. Muka tashi. A gangara ta gaba motar ta sake riƙewa, kofuna suka zubo daga kanta, muka ji ƙarar taya a baya. Da muka sauka, tayoyin ƙaramar suna wari.

“Kawu, birki kake takawa?”

“To da me zan taka? Gangara ce. In ban riƙe ba ai sai ta hau gindin uwarta.”

Haka ake yi a jan igiya. Na baya yana riƙe birki don kada igiya ta saki ya daki na gaba, kuma direban da ya iya wannan shi ne gwani. Baturen ya kama ƙarafan ya girgiza, ya ce ƙarfe ba ya saki. Kawu ya ce ya ji, amma ƙafarsa ba ta ji ba. Daga ranar ya koma kujerar fasinja, ya naɗe ƙafafu a kan kujera, sitiyari yana juyawa shi kaɗai a gefensa. Ya ce mini kwana uku ya yi kafin ya daina karanta addu'a a kowace kwana.

Mako biyu muka yi a haka. Da safe matar takan ɗaure ƙofofin kabad da zare, ta cusa tsumma tsakanin kwanuka, a cika tankin ruwa, Kawu ya bi ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya. A kowace ƙofar ruwa Baturen ya sa sandar awonsa ya rubuta, ni in shiga gona da rikoda. Matan Fulani masu tallan nono sukan tsaya a ƙofar babbar su yi sallama, su tambayi matar gidan, su ce yaushe za a yi katanga. Abin da ya fi ba mu wahala shi ne ribas. In an ɗaure ƙaramar, babbar ba ta komawa baya ko taku ɗaya, tayoyin ƙaramar sai su karkace su cije. Hanyoyin bakin magudana kuwa da yawa ba sa ɓullewa. Sai a kwance, Kawu ya shiga ya tayar, ya matsar da ita tsawon gona ɗaya, a juya babbar, a sake ɗaurewa. Wannan ne duk tuƙin da yake samu, kuma yakan yi shi da gyara zama da duba madubi kamar mai shirin zuwa Zariya.

Duk inda muka tsaya sai an yi mana jaje. “Sannu, Direba. Allah ya kiyaye gaba. Inji ne ko giya?” Wani bakanike a Garun Malam ya biyo mu a keke da jakar sifanoni, ya ce ya ji labari. Kawu yakan ce lafiyarta ƙalau, a gyaɗa kai, a ce Allah ya sawwaƙe. Na ɗauka tun da muna cikin gonaki maganar ba za ta je ko'ina ba. Sai ga wani taubashinsa, shi ma direba a tashar Kura, ya wuce mu a hanyar Bunkure da lodin tumatir. Ya rage gudu, ya leƙo.

“A'a! Sarkin direbobi! Goyon ka ake yi? Ka riƙe zanen da kyau!”

Kawu bai ci abincin rana ba.

Ranar da za mu ratsa ta cikin Kura ta faɗo ranar kasuwa. Kafin mu kai gari Kawu ya danna hon har Baturen ya tsaya. Ya zo tagar da nake.

“Gaya masa a kwance ta. Ni zan shiga da ita gari.”

Baturen ya ce hanya miƙaƙƙiya ce, ba ribas, me ya sa? Na yi ƙoƙarin bayani. Na ce mutanen garin za su ce Kawu ya kashe motar. Ya ce ai ba ta mutu ba. Na ce shi ya sa. Ya ce bai gane ba. Na ce ni ma ba duka na gane ba, amma in aka shiga da shi a ɗaure, ba mai sake ba shi mota a garin nan. Ya dubi matarsa, ya fito da guduma, aka kwance ta.

Kawu ya shige gaba, mu muna bin sa. A bakin tasha ya tsaya, ya kashe injin, ya tayar, ya sake kashewa, ya sake tayarwa. Direbobi da 'yan kamasho suka taru. Taubashin nan yana cikinsu.

“Ma sha Allah, ta tashi. Wa ya gyara maka?”

“Uban wa ya ce ta lalace?”

“Da idona na gan ka a baya, ka naɗe ƙafa kamar amarya.”

Sarkin tasha, wani dattijo mai carbi, ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya juyo wurina.

“Malam, kai ne na rediyo, maganarka ake ji har Gwaram. An ja shi, ko ba a ja shi ba?”

A wurin aiki an koya mana kada mu faɗi abin da ya wuce abin da muka sani, kada kuma mu rage. Na ce an ja motar, kuma Kawu yana ciki. Na ce motar ba ta taɓa mutuwa ba, tun daga ƙasarsu haka suke janta. Na ce ni ne na gaya wa Kawu za a ba shi jan mota, ban bambance masa wane ja ba, don ni ma a lokacin ban bambance ba. Kawu ya juyo ya dube ni. Wannan ne karon farko da ya ji.

“To me ya sa ake jan mai lafiya?” in ji Sarkin tasha.

Na ce don a huta da tuƙa biyu.

“To ga direba an ɗauka.”

Na juya wa Baturen tambayar, ya ɗaga kafaɗa. Sarkin tasha ya ja carbinsa ya ce shi a saninsa ja na matacciya ne. Wadda take da rai, in ta bi wata, rakiya ta yi. Saboda haka ba a ja Direba ba, kuma kada ya sake jin wani ya faɗa. Taubashin ya ce ya ji, amma goyon fa? Aka yi dariya, har da masu sayar da rake.

Kawu ya fito ya miƙa wa Baturen mukulli da hannu biyu, ya ce in gaya masa ya gode, Allah ya kai su gida lafiya. Ni bai yi mini sallama ba. Sauran kwanakin ni na riƙa ɗaure ƙarafan, ina yi ina ɓata hannun riga, matar kuma tana zaune a tagar baya tana gadin motar da ba kowa a ciki.

A-kori-kurar Alhaji tuni an ba wani. Hukuncin Sarkin tasha ya hana a faɗa a gabansa, bai hana masu motoci jinkiri ba. Kawu ya zauna a benci a tasha har aka gama kwasar albasar shekarar, ana kiran wasu ana tsallake shi. Mahaifiyata ta aiko mini da saƙo sau biyu, ba na gaisuwa ba.

Sai da damina ta faɗi wani mai motar itace ya ba shi mukulli. Ranar da ya fara shiga Kano da ita ya biyo ta gidan rediyo, ya tsaya a bakin ƙofa, ya aika a kira ni. Bai ta da maganar ba. Ya ce in shiga ya kai ni gida. Saura awa biyu in tashi daga aiki, ga fassarar labaran yamma a kan teburina ban gama ba. Na shiga.