Sunan surukina da gidan Sawakin

Gidan da aka gyara a tsibirin Sawakin, a bakin tekun Sudan, ni na share shi shekara da shekaru. A can aka kai ni amarya. Surukina ke riƙe da shi, yana saukar da maniyyata 'yan ƙasarmu masu jiran jirgin Jidda. Ginin farin dutsen teku ne, tagoginsa na katako, iska na shigowa da warin gishiri. Ban taɓa zama a aji ba, amma duk unguwarmu ta Mansur a nan Makka an san idan na fara labarin gidan nan, mai tuya ma sai ta bar ƙosanta ya ƙone.

Da muka ƙetaro Makka, ƙanwar mijina tana goye a bayana. Ni na yaye ta. Abin da ta sani na Sawakin duk a bakina ta tsinta.

Bara waccan wasu masu hannu da shuni suka ba da gudummawa aka ta da gidan, aka ware ɗaki guda inda baƙo zai zauna ya ji muryoyin waɗanda suka rayu a ciki. Aka turo wata Basudaniya da wani mutum mai kyamara, suka yi ta tambaya har aka nuna musu ƙofata. Na sa turare, na ɗaura ɗankwalina na fita biki. Ƙanwar mijin nan tawa ta ji labari, ta taho daga unguwar Jarwal, wai ta zo taya ni zuba shayi.

Basudaniyar ta ce, "Hajja, ki fara da sunan mai gidan, don a san ta inda kika shiga."

Na ce, "Baba."

"Baba wa?"

Na dubi tabarma. Sunan suruki ba ya fita daga bakin matar ɗa, ko yana raye ko yana kabari. Haka aka rene ni, kuma ko sunan ɗansa ban taɓa kamawa ba har ya koma ga Allah.

Ƙanwar mijina kuwa tashin Makka ce, inda mace ke jero sunan uba da kaka a gaban kowa. Ta karkace mayafi ta zayyano shi tiryan-tiryan. Sai na ga kyamara ta juya wajenta.

Ta ce da ni, "Yaya, kunyar nan taki ta tsufa. Faɗi mana, ba zai taso ba."

Na ce, "Ke da na wanke wa kashi, yau ke za ki koya mini magana?"

Suka yi dariya, har da mai kyamara. Na miƙe na shige kicin. A wurinmu mai labari ba ta zubar da shi haka nan. Sai an biyo ta, an roƙa, ta ce ta gaji, a sake roƙa. Na tsaya gaban murhu ina jiran takun ƙafa. Su a ganinsu tsohuwa ta ƙi, bai kamata a matsa mata ba. Ina tsaye ina jin ta tana ba da labarin matar da ta haihu a kan soro ranar da jirgi ya iso, labarina, har da inda nake sassauta murya. Shayin ma ni na kai musu.

Da aka buɗe gidan ta zo da waya ta nuna mini. Ga bangon fes, ga tagogin an maido su, ga hotonta a ɗakin da nake shanya kifi. Aka danna wani abu, muryarta ta cika ɗakin. Wallahi ta iya, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Ta ce, "Sun ce za su dawo, Yaya. Sunan kawai za ki faɗa, sai su ɗauke ki."

Na ce su sha zamansu.

Yanzu baƙi daga ko'ina za su zauna a ɗakin nan su ɗauka ita ce ta ga komai. Tana zuwa duk Juma'a bayan la'asar, ina karɓarta, ina tambayar jikoki. Shayi ina ba ta, amma na daina sa mata na'ana'a.