Ranar da Inna ta tsallaka ɗiyar maƙwabta

Ni mutum ne mai son labarin tsoro, ban taɓa ɓoye wa kowa ba. Tun ina kwalejin horon malamai na tsinci wani tsohon littafi a laburare, gara ta ci rabin bangonsa, yana magana kan Girkawa da Rumawan dā, mutanen da suka yi zamani tun kafin Annabi Isa. Yaƙe-yaƙensu ba su dame ni ba, gine-ginensu ma haka. Abin da suke tsoro shi ya kama ni. Ashe su ma suna da fatalwa! A wajensu wanda ya mutu ba a yi masa sutura ba, ba ya kwanciya. Sai ya riƙa yawo cikin gida yana nishi yana hana masu rai sakat, har sai an nemo ƙasusuwansa an binne. Suna da wani tsuntsu mai kama da mujiya, wai tsohuwa ce ke rikiɗa ta shigo ta taga ta tsotse jinin jariri, uwa ta wayi gari ta ga ɗanta ya yi fari fat. Maganinsu reshen ƙaya a bakin taga. Akwai kuma labarin wata mace da 'ya'yanta suka mutu kakaf, baƙin ciki ya juya mata kai, ta koma farautar 'ya'yan mutane tana shan jininsu.

Da na kama aikin koyarwa a Ƙanƙara, da waɗannan labarai nake lallashin ɗalibai in rana ta take sun fara gyangyaɗi. Kullum kuma da magana ɗaya nake rufewa. In ce, “Kun ga aikin jahilci? Zazzaɓi ne ke kashe musu yara, su kuwa sai su nemi wata tsohuwa su ɗora mata.” Yara su ce, “Malam, ai mayu ke nan!” Su yi dariya, ni ma in taya su. A zatona abin ya tsaya a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, ko kuma a gidajen da ban sani ba.

Mahaifiyata, wadda nake ce wa Inna, tana zaune a ƙauyenmu, can gaba da Damari. Tun rasuwar mahaifina ita kaɗai ce a gidan, na yi na yi ta dawo wurina ta ƙi. Daddawa take yi. Ita ke dafa kalwa, ta surfa, ta rufe ta ruɓa, ta kirɓa, ta shanya a kan tabarma. Matan ƙauyen ba sa kaɗa miya sai da daddawar Inna, ranar kasuwa kuwa har daga Sabuwa ake aiko mata. Ni kaɗai ne ɗanta da ya rayu. Ta haifi da dama kafin ni da bayana, duk a goye suka koma. Ba ta taɓa kiran sunana ba, tun da na fara aiki sai ta mayar da ni Malam, rabi girmamawa rabi tsiya.

Katanga ɗaya ta raba mu da maƙwabcinmu, wanda tare aka yi mana kaciya, tare muka yi kiwon awaki. Yana da wata 'yar yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba, mai surutun tsiya, wadda ta mayar da gidan Inna nata. Can take cin ƙanzo, can take barcin rana. Innar Daddawa take ce mata.

A wani hutun kaka na je gida a kan babur ɗina, na tarar yarinyar nan tana kwance. Zazzaɓi ne mai zafi, irin wanda ke hawa kai. Na ce wa ubanta mu kai ta asibiti Sabuwa, ya ce an karɓo rubutu, a dai ɗan jira. Washegari da hantsi ina zaune a zaure ina gyara birkin babur, sai na ji hayaniya ta nufo ƙofar gidanmu. Maza ne a gaba, mata da yara a baya, maƙwabcina a tsakiya idonsa ja wur.

Ashe da sassafe sun kira wani mai magani. Ya turara wa yarinyar hayaƙi, ya tsare ta da tambaya, “Wa kike gani? Faɗi, wa ya riƙe ki?” Yarinya tana cikin magagin zazzaɓi, wa za ta kira in ba wadda ta saba da ita ba? Ta ce Innar Daddawa. Shi ke nan. An ce Inna mayya ce, ta kama kurwar yarinya. Kuma kowa ya san abin da ake yi a wurinmu in an kama maye. Sai ya zo ya tuɓe, ya tsallaka marar lafiyar a gaban jama'a, wai ta haka yake sakin kurwar.

Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Ina da zuciya, tun ina yaro an san ni da ita. Na ce, “Kai, kana cikin hankalinka kuwa? Uwar tawa? Wadda ta goya ka ranar da taka uwar ke kwance?”

Ya ce, “Ni ban ce komi ba. Yarinya ce ta faɗa da bakinta, kowa shina ji.”

Na ce, “Yarinyar da ba ta san inda kanta yake ba? Ni ma ka turara mini wannan hayaƙin, sai in kira sunan ubanka!”

Wata mata daga baya ta ɗaga murya. “To nata 'ya'yan ina suke? Ba ita ta cinye su ba?”

Labarin da na sha ba ɗalibai ina dariya, na macen da 'ya'yanta suka mutu aka ce ta koma cin na mutane, ga shi a ƙofar gidanmu, da Hausa, a bakin matar da ta sha cin bikin gidan nan. Kunya ta rufe ni. Ban san ko kunyar mutanen garinmu nake ji ba, ko ta kaina, ko ta Inna da na san tana tsakar gida tana jin komai.

Wani dattijo da muke ce wa Baba, abokin mahaifina, ya ja ni gefe. Ya ce, “Ɗana, ka yi haƙuri. Ta tsallaka kawai a wuce wurin. In ba ita ba ce, mi zai ragu a jikinta?”

Na ce, “Baba, da girmanka? In ta tsallaka yarinya ta tashi, ku ce ta sake ta. In ta tsallaka yarinya ta mutu, ku ce ta riga ta cinye. In ta ƙi, ku ce ta ƙi ne don ta san abin da ta yi. Ta wace ƙofa kuke so ta fita?”

Ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Na bar su na shiga gidan maƙwabcin na duba yarinyar. Idonta ya juye, haƙoranta sun datse, jikinta kamar garwashi, lokaci lokaci tana fizga. Na fito na sassauta murya, na roƙi ubanta. Na ce ya bar maganar nan tukuna, ga babur, ya rungume ta a baya mu kama hanyar Sabuwa. Kowa ya san hanyar nan ba ta biyuwa in la'asar ta yi, saboda mutanen daji, 'yan bindigar nan masu tare hanya. In muka wuce lokacin, sai gobe, yarinyar kuwa ba ta da gobe.

Ya ce, “Asibiti ba su da maganin kurwa. In kai ta can ta mutu a hanya, alhali mai riƙe da ita tana nan zaune? Ɗiyata ba ta fita gidan ga sai an tsallake ta.”

Na zage shi. Na kira shi jahili, na kira shi butulu, na ce zan kawo masa hukuma. Duk bai motsa shi ba. Kuka ma yake yi. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan, mutumin nan ba mugunta yake yi ba, da gaske ya yarda, kuma da gaske yake son ɗiyarsa.

Muna cikin haka sai jama'a suka dāre. Inna ce ta fito, hannunta duk danƙon daddawa, ta goge shi a gefen zane. Ba ta dubi kowa ba sai ni.

Ta ce, “Malam, in na tsallaka, za ya bari ka kai ta?”

Na ce, “Inna, koma ciki. Wallahi ba za ki tsallaka kowa ba ina raye.”

Ta ce, “Ba shi na tambaye ka ba.” Ta juya ga maƙwabcin. “Kai, in na tsallaka, za ka bar shi ya kai ta?”

Ya ce zai bari.

Na tare gabanta. Na ce, “Inna, kin san abin da za su ce in ta warke? Har ki koma ga Allah sunan nan ba zai bar ki ba.”

Ta ce, “Na sani. Na ga an yi wa wata tun ina amarya. Matsa mini, rana na yi.”

Aka fito da yarinyar aka shimfiɗe ta a kan tabarma a tsakar gidansu. Mai maganin ya ce sai an tuɓe tsirara, haka ake yi. Nan Baba ya tuna da girmansa, ya daka masa tsawa ya ce ba a gabansa ba. Aka tsaya a kan ta cire takalmi da mayafi da kallabi, ta tsaya da ɗaurin ƙirji.

Tun da na yi wayo ban taɓa ganin kan Inna a buɗe ba. Ban san gashinta ya yi fari haka ba, ban san ya zube a gaba ba. Ban san kafaɗunta sun rame haka ba. Ga ta nan tsaye a tsakiyar maza, samari sun hau katanga, wani ma ya ɗaga waya zai ɗauki hoto. Na yi kansa, Baba ya riƙe ni. Sai na sunkuyar da kai ina kallon ƙasa. Ni da nake taƙama da ilimi da baki, ba abin da na iya yi wa uwata sai kawar da ido. Ƙafafunta kawai na gani, da fasonsu, sun ɗaga sun ƙetare yarinyar, sun juyo sun sake ƙetarewa, har mai maganin ya ce ya isa. Ta durƙusa ta taɓa goshin yarinyar, uwar yarinyar ta fizge ɗiyarta. Inna ta ɗauki kallabinta ta ɗaura, ta ce da ni, “To, tashi babur ɗin.”

Mun isa Sabuwa da sauran rana. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau mata kai, aka sa mata ruwa da allurai. Ina zaune a kan benci a waje, na ɗaga hannu zan yi mata addu'a, sai na ji harshena ya yi nauyi. Na san in ta tashi, an gama da Inna. Na dai yi addu'ar, Allah ya sani na yi, amma sai da na yi kokawa da zuciyata tukuna. Har yau in na tuna wannan nauyin harshen sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Yarinya ta warke sarai. Ranar da muka dawo da ita har guɗa aka yi. Ba wanda ya ambaci asibiti. Abin da ake faɗi a bakin rijiya da majalisa ɗaya ne, tsohuwa ta ji matsi ta saki kurwa. Maƙwabcina ya zo ya yi mini godiyar babur, ya ce shi bai riƙe Inna a zuciya ba, tunda ta saki. Na kalle shi kawai, ƙarfin zagi ma ya ƙare mini.

Daddawar da Inna ta shanya a makon nan a kan tabarma ta bushe ta ƙeƙashe. Ba yaron da aka sake aikowa. In ta nufi rijiya, mata su janye 'ya'yansu su tofa musu addu'a. An ɗaura wa yarinyar laya a wuya, an toshe kafar katangar da take bi ta shigo. Kafin damina ta zagayo Inna ta aiko mini in zo in ɗauke ta. Abin da na yi shekaru ina roƙo, ga shi na samu, ko farin ciki ban yi ba.

A Ƙanƙara ba wanda ya san labarin sai matata. Inna ta zauna lafiya, tana salla, tana tsince shinkafa, ba ta sake dafa kalwa ba. Ni kuma na daina ba ɗalibai labarin Girkawa. In sun roƙa sai in ce su buɗe littafi.

Bayan shekara matata ta haihu, namiji, ɗanmu na fari. Da aka wanke shi aka naɗe, na karɓe shi na yi masa huɗuba, na nufi Inna da shi tana zaune a bakin gado. Na ce, “Inna, ga mijinki ya iso.”

Ta leƙa fuskarsa ta daɗe tana kallo, bakinta yana motsi da addu'a. Na miƙa mata shi. Sai ta mayar da hannuwanta cikin mayafi.

Ta ce, “Riƙe shi dai, Malam, ina ganinsa daga nan. Yara ba su rabo da zazzaɓi.”

Na juya wajen matata, ina jira ta ce haba Inna, karɓe shi mana. Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zaninta.